Yanyawa mai kuromozom 49 tana haihuwa, alfadari mai 63 ba ya yi: ina bambancin yake?

Ɗalibar_Kiwo:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Tambayata ga likitocin dabbobi ce da malaman ilimin gadon halitta. An koya mana cewa doki yana da kuromozom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin kowace ƙwayar jiki) 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, kuma tunda 63 mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai, shi ya sa alfadari ba ya haihuwa. To yanzu an ba ni aikin gabatar da takarda kan yanyawar da ake kiwo saboda gashinta a ƙasashen sanyi irin su Finlan da Folan. Sai na tarar cewa shuɗiyar yanyawa, wato ta yankin ƙanƙara wadda aka mai da ta keji, a gona ɗaya ana samun mai 50, mai 49 da mai 48, kuma dukkansu suna barbara suna haihuwa. Ita mai 49 ɗin ba mara ba ce? Me ya raba ta da alfadari? Kuma da gaske ne wannan bambancin yana rage yawan 'ya'yan da take haifa?

Abban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, yau na fara jin ana kiwon yanyawa. Cin ta suke yi?

Bakano_a_Vaasa:
Ba don nama ba ne Abban Khalifa, don fata ne. Ana ɗinka rigunan sanyi da wuyan kwat da ita. Sana'ar ta faro ne a tsibirin Prince Edward na Kanada wajen shekarun 1890, daga can ta tsallako Turai. Nan yammacin Finlan inda nake zaune shi ne cibiyarta a Turai, sai kuma ƙasar Sin da ke da gonaki masu yawa. Iri biyu ake kiwo: shuɗiya da ƙanwata ta ambata, da mai ruwan azurfa, wadda asalinta jar yanyawa ce mai baƙin gashi da ratsin fari.

Malam_Garba_Gado:
'Yata Ɗalibar Kiwo, tambayarki ta yi kyau ƙwarai. Wancan bayanin na cika da mara taƙaitawa ce da ake yi wa 'yan ajin farko, amma ba shi ne ainihin dalilin ba.

Ta fuskar siffa, akwai kuromozom mai ƙugu a tsakiya, hannu biyu gare shi. Akwai kuma mai ƙugu can a ƙarshe, kusan hannu ɗaya ke nan. A shuɗiyar yanyawa mai 50, kuromozom mai lamba 23 da mai lamba 24 masu hannu ɗaya ne. A wasu dabbobin sai waɗannan biyun suka manne ta wajen ƙugu suka zama ɗaya mai hannu biyu. Wadda ta gaji mannannen daga uwa ko uba kaɗai ita ce mai 49. Wadda ta gaje shi ta ɓangare biyu ita ce mai 48. Irin wannan mannewa ana danganta ta da sunan Robertson, masanin Amurka da ya bayyana ta a 1916, kuma a jikin fara ya gan ta.

Ki ɗauka dami biyu ne na gero aka ɗaure da igiya ɗaya. Mai ƙirga dami zai ce an rasa ɗaya, mai sussuka kuwa hatsinsa na nan cif. Ƙwayoyin gadon mai 48 da na mai 50 ɗaya ne, ɗauri ne ya bambanta.

Inda magana take shi ne lokacin da jiki zai yi maniyyi ko ƙwai. Dole kowane kuromozom da aka gada daga uwa ya nemi takwaransa na uba, su jeru kafaɗa da kafaɗa, sannan a raba su. A mai 49, mannannen nan yana da takwarori biyu, na 23 ya kama hannu ɗaya, na 24 ya kama ɗayan, su uku suka jeru. Galibi rabon yana tafiya daidai: mannannen ya yi gefe ɗaya, sakakkun biyu su yi ɗaya gefen, kowane ƙwai ya tashi da cikakken kaya. Jefi-jefi ne sakakke ɗaya ke bin mannannen, sai ƙwai ɗaya ya yi ƙari, ɗaya ya yi gibi. Tayin da ya fito daga irin wannan yakan mutu tun da wuri.

Alfadari kuwa ba kuromozom ɗaya kaɗai ne ya rasa abokin jeri ba. Na doki da na jaki sun sha bamban a tsari ta wurare da yawa, yawancinsu ba sa gane juna balle su jeru.

Sadiq_Lab:
Malam Allah ya ƙara basira. In ƙara da yadda ake ƙirgawa, don wani zai ɗauka na'ura ce ake dannawa. Jini ake ɗiba, a reni fararen ƙwayoyin jinin kamar kwana uku, a zuba maganin da zai tsayar da su daidai lokacin da suke rabuwa, a kumbura su da ruwan gishiri mara ƙarfi, a ɗiga kan gilashi, a rina da Giemsa, sannan mutum ya zauna gaban madubin ƙara girma yana ƙirgawa da ido. Kuma ba a yarda da ƙwaya ɗaya, sai an duba da dama.

Ardo_Jauro:
Ni makiyayi ne, ban yi karatun nan naku ba, amma ina bi. Tumaki da awaki garke ɗaya suke kwana tun kakanni, bunsuru yakan hau tunkiya, ba mu taɓa ganin ɗa ba. Shi ma wannan lissafin ne?

Dakta_Hauwa:
Baba Ardo, barka da ƙoƙari. Dangin wannan ne. Tunkiya 54 gare ta, akuya 60. Wani lokaci cikin yakan shiga, amma yakan lalace kafin ya yi nisa. Ba kasafai ake samun wanda ya rayu ba. An ba da rahoton ɗaya a Botswana a shekarar 2000, namiji ne mai 57, kuma bai haifar ba.

Ɗalibar Kiwo, ga misalin da zai rushe maganar cika da mara gaba ɗaya, kuma daga cikin gonar yanyawar yake. Mai ruwan azurfa tana da 34. Ana haɗa namijinta da shuɗiyar mace. Uba ya ba da 17, uwa mai 50 ta ba da 25, jimla 42. Cika ce lafiyayya, amma 'ya'yan duk juya ne, maza da mata. A mazan, ƙwayoyin da za su zama maniyyi suna tsayawa ne daidai matakin jeruwar nan da Malam Garba ya faɗa. A ɗaya ɓangaren kuma, dokin dawa na Mongoliya yana da 66, na gida 64, ɗansu 65, mara, kuma yana haihuwa. Haka ɓaunar gida ta Asiya: ta kogi 50, ta fadama 48, 'ya'yansu 49 kuma suna haihuwa. Ki sa waɗannan a takardarki.

Bakano_a_Vaasa:
Dakta ta faɗi daidai. Wannan haɗin a kasuwa Blue Frost suke kiran sa. Na taɓa aikin wucin gadi a wata gona, na ga yadda ake yi. Da wuya su yi barbara da kansu, don mai azurfa tana shiga lokacinta tun ƙarshen Janairu zuwa Maris, shuɗiya kuwa sai Maris zuwa Afrilu, ga shi ba sa son juna. Da hannu ake ɗura maniyyin. Kuma shuɗiya ake sa wa ta zama uwa saboda ita ce mai yawan 'ya'ya, takan zuba takwas, goma, har fiye, alhali mai azurfa huɗu zuwa biyar ne. 'Ya'yan haɗin ba a ajiye ko ɗaya don iri, duk fata ne idan Nuwamba da Disamba suka zo.

Amma gaskiya ban taɓa jin mai gonar ya ambaci kuromozom ba. Abin da ke hana shi barci biyu ne: ƙiba da lokaci. Yanyawa sau ɗaya tak take neman namiji a shekara, cikinta kwana 52 ne ko kusa da haka. Idan aka kuskure 'yan kwanakin nan, an ciyar da ita shekara guda a banza. Akwai wani ɗan ƙarfe da suke aunawa da shi ta al'aurarta kullum don su gane ranar da ta dace.

Injiniya_Mustee:
To in haka ne ai sai a kawar da masu 49 kawai a huta. A bar 48 zalla ko 50 zalla.

Malam_Garba_Gado:
A takarda abu ne mai sauƙi, Injiniya. Mai 48 da mai 48 ba za su haifi komai ba sai 48. Mai 48 da mai 50 kuwa duk 'ya'yansu 49 ne. Idan 49 ta haɗu da 49, a cikin huɗu ana sa ran ɗaya 48, biyu 49, ɗaya 50. Tambayar ita ce ko ribar ta kai kuɗin gwajin, kuma nan ne rabi na biyu na tambayar yarinyar nan. A shekarun 1980 an yi bincike a kan wannan a Denmak da Norwe da Finlan, an buga da dama a mujallar Hereditas. Auli Mäkinen a Finlan da Marek Świtoński a Folan suna cikin waɗanda suka daɗe suna aiki a kan kuromozom na yanyawa. Sakamakon bai zo baki ɗaya ba. Wasu sun ga raguwa kaɗan a wajen masu 49, wasu sun ga masu 48 sun ɗan fi yawan 'ya'ya, wasu kuma ba su ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba.

Zainab_Lissafi:
Wannan saɓanin bai ba ni mamaki ba, Malam. Dabbar da ke haihuwar daga biyar zuwa goma sha biyar, in kana neman bambancin rabin kwikwiyo tsakanin rukuni biyu, sai ka tara mata ɗaruruwa kafin ka iya cewa ba dace ba ne. Sannan wace ƙirga aka yi? Ranar haihuwa, ko bayan mako uku, ko ranar yaye? Waɗanda suka mutu a akwatin haihuwa saboda sanyi ko rashin nono ba laifin kuromozom ba ne. Ga shekaru: 'yar fari ba ta kai wadda ta haihu sau biyu ko uku ba. Mafi wuya kuma, masu 48 a gona ɗaya galibi zuri'ar namiji ɗaya ne ko biyu. In zuri'ar nan dama masu yawan haihuwa ce, sai a jingina wa mannewar abin da ba nata ba.

Dakta_Hauwa:
Zainab kin taɓo inda nake son zuwa. Akwai wani dalili na jiki ma. Shuɗiyar yanyawa tana sakin ƙwai da yawa a lokaci ɗaya, kuma ko a lafiyayya ba duka ne ke kaiwa haihuwa ba. In tayi ɗaya ya lalace saboda gibin kuromozom tun bai kama mahaifa ba, sauran suna nan, mai gona ba zai taɓa sani ba. Saniya fa? Ƙwai ɗaya take saki. In shi ne ya zo da gibi, shi ke nan, bayan mako uku ko fiye sai ka ga ta sake neman bijimi.

Shi ya sa aka fi gane illar wannan mannewa a shanu. Shanu 60 gare su. A 1964 Ingemar Gustavsson da abokin aikinsa suka gano mannewar na 1 da na 29 a jajayen shanun Suwidin masu ratsin fari. Daga baya ya nuna cewa 'ya'ya mata na bijiman da ke ɗauke da ita sun fi yawan komawa neman bijimi. Raguwar kaɗan ce a kan saniya ɗaya, amma bijimi guda da ake ɗibar maniyyinsa yana iya zama uban dubbai. Suwidin ta shiga gwada bijimai tana cire masu ita. Tun daga nan an same ta a nau'in shanu fiye da 50 a duniya.

Issoufou_Damagaram:
Dakta, wannan ya shafe mu kai tsaye. Mu a Nijar muna da tashar Tukunus ta shanun Azawak, ku kuna da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, kuma masu gonakin madara suna ta sayen maniyyin waje. Ni a ganina duk bijimin da za a raba irinsa ga jama'a ya kamata a ga takardar gwajin kuromozom ɗinsa tukuna. Gwaji ɗaya ne a rayuwarsa.

Ardo_Jauro:
Wannan na gane shi sarai. Akwai saniyar da za a yi ta baye ba ta ɗauka sai a karo na uku, ga ta da ƙiba ga lafiya. Mu dai mukan ce jininsu ne, mu duba uwarta da kakarta.

Dakta_Hauwa:
Ku riƙa duba uban ma, Baba. Amma kada a ɗora komai a kan wannan. A garkunanmu yunwar rani da ciwon bakkale da ke sa ɓari sun fi shi ɓarna nesa ba kusa ba.

Maman_Iman:
Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan fita daga kan yanyawa. Wannan abin yana faruwa ga mutane? Ina da 'yar'uwa da ke ta ɓari a wata na biyu, dangin miji sun sa ta gaba.

Dakta_Nura:
Yana faruwa, Hajiya. Kusan mutum ɗaya cikin 1,000 yana da irin wannan mannewa, kuromozom 45 gare shi maimakon 46, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. Wadda aka fi gani ita ce ta 13 da 14. Tana iya jawo ɓari a kai a kai ko ƙarancin maniyyi, kuma miji na iya zama mai ɗauke da ita kamar yadda mata ke iya zama. Sai dai dalilan ɓari suna da yawa, wannan ɗaya ne kawai daga ciki. Su je wajen likitan mata a babban asibiti su biyun, ba ita kaɗai ba. Da yawa masu ɗauke da ita suna samun lafiyayyun 'ya'ya. Allah ya ba ta mai albarka.

Maman_Iman:
Amin ya Allah. Na gode Dakta.

Sadiq_Lab:
Mu koma kan yanyawa, don ba a taɓo mai ruwan azurfa sosai ba, kuma nata ya fi ban mamaki. Ita 34 ɗin nan tabbatattu ne, amma a kansu akwai wasu 'yan ƙanana da ake kira kuromozom B, daga babu ko ɗaya har zuwa takwas. Ba tsakanin dabba da dabba kaɗai ba, a jikin dabba ɗaya ma wannan ƙwayar tana iya nuna biyu, ta kusa da ita uku. Da can ana ɗaukar su fanko ne. A 2005 Graphodatsky da abokan aikinsa na birnin Novosibirsk a Rasha suka nuna cewa suna ɗauke da kwafin wata ƙwayar gado mai suna KIT. Don haka 42 ɗin da Dakta Hauwa ta lissafa, a zahiri sai an ƙara B ɗin da uban ya zubo.

Dakta_Hauwa:
Haka ne Sadiq, ban sa su a lissafin ba don su ba sa bin dokar rabi da rabi. Ko da su ko babu su, haɗin juya ne.

Ɗalibar_Kiwo:
Yaya Sadiq, to su B ɗin suna taɓa haihuwa?

Sadiq_Lab:
An gwada alaƙanta yawansu da nauyin jiki da yawan 'ya'ya, ba a samu abin da ya tsaya daram a kowace gona ba. Mai babu tana haihuwa, mai shida tana haihuwa.

Usman_Tarihi:
Tunda an ambaci Novosibirsk, a can ne Dmitri Belyaev ya fara gwajinsa a 1959, Lyudmila Trut ta ci gaba da shi. Masu ruwan azurfa suka riƙa zaɓa, ba don gashi ba, don sanyin hali kawai. Bayan zuri'o'i da yawa sai ga su suna balaga kusan wata guda kafin sauran, kuma a matsakaici suna ƙara kwikwiyo ɗaya a ciki. Adadin 34 bai canja ba. Ni wannan yana nuna min cewa hali da sinadaran jiki sun fi lissafin kuromozom tasiri.

Bakano_a_Vaasa:
Hali kam babba ne. Mai azurfa in ta tsorata, ko aka ajiye ta kusa da wadda ta fi ta ƙarfi, tana iya kashe 'ya'yanta da bakinta. Shuɗiya kuma ƙiba ce matsalarta. Ta dawa kilo uku zuwa biyar ce. Ta gona an yi ta zaɓen manya saboda babbar fata ta fi kuɗi, har ana samun mai kilo 15 zuwa sama. Ƙafafu su lanƙwashe, ido ya yi ciwo, haihuwa ta ragu. Sai an rage wa matan iri abinci tun cikin hunturu kafin su yi daidai.

Ummu_Sumayya:
Ni fa tun ɗazu zuciyata ba ta kan lissafin. Dabbar da Allah ya halitta tana yawon kilomitoci a kan ƙanƙara, a kulle ta a kejin waya da bai cika murabba'in mita ɗaya ba, a cusa mata abinci har ta kasa tsayuwa, don kwalliya kawai. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ɗalibar Kiwo, ko layi biyu ne ki sa wannan a takardarki.

Injiniya_Mustee:
Hajiya ai mu ma kajin gidan gona a keji suke. Kuma can akwai iyalan da wannan ce sana'arsu tun kakanni.

Ummu_Sumayya:
Kaza abinci ce, Injiniya, kuma ita ma ban ce a matse ta ba. Su kansu Turawan suna barin abin. Birtaniya ta yi dokar hanawa tun 2000, Norwe da ta yi suna a sana'ar ta rufe nata daga Fabrairun 2025.

Bakano_a_Vaasa:
Nan ma muhawarar na da zafi, musamman tun 2023 da murar tsuntsaye ta shiga gonakin fata aka hallaka dabbobi masu yawa. Gonaki suna ta raguwa.

Malam_Garba_Gado:
Maganar Ummu Sumayya tana da gurbi a takardar, ban ƙi ba. Amma Malam Usman, ban yarda a ce kuromozom ba shi da tasiri ba. Gwajin Belyaev bai gwada wannan tambayar ba sam. Kuma misalin Blue Frost yana gabanmu: abinci mai kyau, hali mai kyau, uwa mai nono, amma haihuwa babu ko ɗaya. Idan tsari ya yi nisa da juna, shi ne ke yanke hukunci. Idan mannewa ɗaya ce tak, tasirinta ƙarami ne har ƙiba da lokaci su rufe shi.

Zainab_Lissafi:
Ni har yanzu ina ganin ko ƙaramin ma ba a tabbatar da shi a yanyawa ba, Malam. Da mai 49 tana da naƙasu na gaske, masu gona da ke cire duk macen da ta gaza a kowace shekara da sun rage ta ba tare da sun sani ba. Ga shi kuwa duka ukun suna nan a gonaki.

Malam_Garba_Gado:
Ba lallai ba, Zainab. Muddin akwai 48 da 50 a gona ɗaya, kowace shekara za su sake haifo 49 ko da an cire na bara. Kuma mai gona gashi da girma yake fara dubawa kafin yawan 'ya'ya.

Ɗalibar_Kiwo:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Anti Zainab, in na samu alƙaluman binciken Denmak da na Norwe zan turo miki ki duba min yawan matan da aka ƙirga a kowane rukuni, da ranar da aka yi ƙirgar. Yaya Sadiq, ko za ka iya samo min hoton kuromozom na mai 49 inda mannannen ya fito sosai? Ina so in nuna shi a allo kusa da na alfadari.

Sadiq_Lab:
In sha Allahu. Ki nemi wanda aka yi wa rini mai ratsi-ratsi, don a rinin Giemsa zalla mannannen yana sajewa da sauran masu hannu biyu, sai dai ki gane shi ta ƙirga sakakkun da suka rage.